Abin da Na Fitar Daga Ɗakin Sama

Mansur, Makka
Ranar Asabar

Zuwa ga 'yata Hanan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Riyad lafiya, jiki lafiya, kaya lafiya, ya tsare ki a cikin mota ya tsare ki a ƙasa. In kin huta ki gaishe mini da Baffa Usman da iyalinsa, Allah ya saka musu da suka ba ki ɗaki. Na sa takardar a ƙarƙashin ledar yaji da kuka ne da gangan, don na san sai kin nemi kayan miya za ki gan ta, lokacin kin ɗan natsu.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san aji shida na tsaya a Funtua, ke kuma kin fi sauri da Larabci, Hausar boko a hankali kike bin ta. To mu biyu za mu sha wahala, ni wajen rubutawa ke wajen karantawa. Kwana uku ina yi, in rubuta shafi in tashi in duba tukunya. Na so in faɗa miki da baki. Sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakinki ina juyawa.

Na san za ki yi dariya da na ce 'yata. Shekara biyar ce kacal tsakanina da ke, in muka je Harami ma mata tambaya suke wacce ce yaya a cikinmu. Amma ni matar Abbanki ce, shekara uku muna ci a faranti ɗaya, kuma in yarinya za ta bar gida dole wata ta zaunar da ita ta yi mata magana. Ummanki ce ya kamata, Allah ya jiƙanta ya haskaka kabarinta. Tunda ba ta nan, ni ce.

Bari in fara da mai nauyin, kada ki yi ta karatu ina riƙe da shi a baya. Jan akwatin nan na kaset ɗin Ummanki da kika tambaye ni ranar Talata, kika ce za ki tafi da shi don an gaya miki akwai mai shago a can da yake juya kaset ya koma cikin waya, na ce miki zan duba. Ƙarya na yi, Hanan. Babu abin dubawa. Ni na fitar da shi da hannuna, watana biyu da zuwa ƙasar nan, motar shara ta tafi da shi. Har da kaset ɗin da kika ce an naɗa masa koren salatif, wanda ta zauna ta yi miki magana a ciki shekarar da za ta rasu.

Ban san ko za ki ƙara kirana Anti ba bayan kin karanta wannan. Shi ne abin da nake tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma ki daure ki kai ƙarshe, don aikinki ne ya buɗe mini baki, kuma ina ga akwai abin da zai amfane ki a ciki.

Kin tuna ranar Laraba bayan la'asar? Ina yanka albasa kika shigo kicin da kwamfutarki kika zauna a ƙasa.

"Anti, zo ki ga aikin gwajin da kamfanin nan na Riyad suka ba ni."

"Ni me na sani a ciki? Waya ma sai kin gyara mini."

"Ke dai zo. Yalla, albasa ba za ta gudu ba."

Kika yi mini bayani, ga kuma yadda na riƙe shi, in na yi kuskure ki gyara. Kika ce masu haɗa manhajar waya da ta kwamfuta suna da wuri a intanet da suke tara aikinsu, kamar rumbu. A ciki akwai aikin kansa, akwai tarihin wa ya taɓa me a wace rana, akwai maganganun da suka yi wa juna suna gyara, wani rumbun ma aikin shekaru ne na mutane da yawa. Sai kika ce yanzu wannan abu da ake kira AI aikensa ake yi kamar mutum, a ce je ka yi kaza a rumbun. Ana ba shi kayan aiki, kowane kayan aiki da ɗan bayaninsa a rubuce, ga abin da yake yi ga yadda ake riƙe shi. Aikinki ke shi ne ki karanta bayanin ki ce an rubuta shi da kyau ko ba a rubuta ba, ki ba shi maki.

Na ce, "To shi in bai gane ba, ba ya tambayar na kusa da shi?"

Kika ce, "Wane na kusa, Anti? Ba a gidan ya girma ba. Abin da aka rubuta masa shi ya sani, halas."

Sai kika juyo mini da kwamfutar kika nuna mini layi ɗaya da Turanci, kika fassara: yana goge rumbu. Da wani gurbi a ƙasa da za a sa suna.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Gajere, ba surutu, ko jariri ya gane. Ina ga maki mai kyau zan ba shi, Litinin zan miƙa."

Kika ga ina share hawaye kika ce albasa ce ta shiga idona, kika yi mini tsiya wai 'yar Funtua ba ta iya albasar Misira ba. Na bar ki a haka.

Tun ranar nake juya abin nan a kaina, kuma wallahi ba tsoro kaɗai ba ne, har da son sani. Shi AI ɗin in ya goge rumbu yana jin wani abu? Yana ganin abin da ke ciki kafin ya goge, ko a rufe ake miƙa masa? Akwai wata ƙara da take yi, ko shiru kawai? Kuma ina abin yake tafiya? Ni dai na san hatsi in an kwashe shi daga rumbu wani wuri ya koma. Wannan kuwa kin ce babu shi ne kawai. Na kasa gane babu irin wannan. Amma abu ɗaya na gane sarai, na gane wanda ba a gidan ya girma ba aka ba shi layi ɗaya aka ce ya yi aiki. Wannan na san shi ciki da waje.

Ga yadda aka yi. Lokacin aikin hajji ne, Abbanki yana Kudai wajen motocin alhazai, kwana huɗu biyar ba ya leƙo gida. Ke kuma kina wajen Goggo Zulai kina karatun jarrabawa. Ni kaɗai a gida, ban san kowa ba, ban san ko wane lungu ne yake fita titi ba. Sai ya turo mini saƙon murya, ana ta hon a bayansa. Har yau ina iya maimaita shi: "Murja, mai gida zai sa tankin ruwa a sama, ki fitar da kayan ɗakin nan kafin Alhamis, duk tsofaffin kaya ne." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Murna na yi, ki ji. Na ce yau zan nuna masa bai auro ragguwa ba. Na hau sama da tsintsiya da buhuna. Na samu tsofaffin barguna, tukwane, takalmanki na yarinta, wata fanka da ba ta da fiffike ɗaya, da jan akwati a can ƙurya. Na buɗe shi. Kaset ne cike, an yi rubutu a jikinsu da biro, rubutun Larabci na hannu wanda ko yanzu da ƙyar nake karanta irinsa. Na ce a raina tsofaffin wa'azi ne, wa yake da rediyon kaset yanzu, kowa a waya yake ji. Tukwanen na wanke na sauko da su. Bargunan na shanya. Fankar nan mai karyayyen fiffike, Hanan, na goge ta tas na ajiye a bayan ƙofa, wai ko za a gyara. Tana nan har yau. Akwatin kuwa na ɗora a ka na kai bakin babbar durom ɗin shara ta kan kwana.

To ga maganata ta farko a kan layinki. Abbanki bai yi ƙarya ba, tsofaffin kaya ne. Gajere ne kuma, ba surutu, na gane kowace kalma. Abin da bai faɗa ba shi ne me da me ke ciki. Shi ya san ɗakin shekara ashirin da wani abu, a ganinsa ba sai ya faɗa ba. Ni kuwa ido kawai nake da shi, kuma idon baƙo fanka yake gani da daraja. Don haka in kin zauna gaban layin nan kada ki karanta shi da kanki na wadda ta sani. Ke kin san me ke cikin rumbu, shi ya sa ya yi miki daɗin karatu. Ki tambaya, an gaya wa ɗan aiken, wato AI ɗin, cewa in ya goge, da aikin da tarihin da maganganun mutanen duk tare za su tafi? In ba a rubuta ba, to bai sani ba. Kada gajarta ta burge ki.

Na biyu kuma shi ya fi ci mini rai. Da na ajiye akwatin a bakin durom, ban ɗauka na rabu da shi ba. A garinmu bola tana nan sati guda, wata ma sai damina ta kwashe ta. In ka jefar da abu ka yi nadama sai ka koma ka tono kayanka, iyaka yara su yi maka dariya. Na ce in Abbanki ya dawo zan ce masa ga wasu kaset can, in yana so sai in ɗauko. Ban san sharar Makka ba ta kwana ba, balle lokacin hajji. Da na fita sayen burodi bayan azahar wurin fes, har an wanke ƙasan. Daga baya na ga irin motar da idona, tana ɗaga durom ta juye a cikinta, wani ƙarfe ya danne komai ya niƙe. Na tsaya a bakin titi ina kallo kamar wawiya har mai burodi ya ce, "Ya hajja, lafiya?"

Ba wanda ya gaya mini a nan in abu ya tafi ya tafi. Da an ce mini kalma uku, ba ya dawowa, wallahi da na tura akwatin ƙarƙashin gado na jira. Shi ne nake tambayarki, layinki ya faɗi haka? Ni ban ji kin karanta ba. Kuma ni ban san gaskiyar abin ba, ko in an goge rumbun akwai 'yan kwanaki da za a iya maido shi, ko kuwa irin motar nan ce. Ke za ki bincika. Amma ko wanne ne dole a rubuta shi a fili, a sama, ba a ƙasa inda ido ba ya kaiwa ba. In kwana kaza ne a ce kwana kaza, kuma wa zai iya maidowa. In babu dawowa a ce babu. Sannan ina so ki tambaya mini wani abu don kaina, su ba su da ƙarƙashin gado? Wato wani kayan aikin da yake rufe rumbu ya ajiye shi gefe ba tare da ya goge ba. In akwai, me ya hana a rubuta a jikin wannan cewa in ba ka tabbata ba ga wancan? Ɗan aiken da aka nuna masa hanyar bola kaɗai, bola zai kai komai.

Bari in ba ki wata ki ɗan yi dariya, kada takardar ta zama kuka zalla. Wannan kin san ta, amma ba ki san yadda na ji ba. Satina uku da zuwa Goggo Zulai ta zo ta wuni. Tana fita sallah ta ce, "Amarya, zubar da ruwan jarkar nan ki wanke ta." Jarka biyu ne a baranda, farare, tsawo ɗaya, murfi ɗaya. Ɗaya tamu ce da tsohon ruwan wanke-wanke, ɗaya ta Maman Faisal ce ta ƙasa da ta ajiye a inuwarmu, cike da zamzam da za ta aika wa mahaifiyarta. Na ɗauki wadda ta fi kusa da hannuna. Na tuttular da zamzam a magudana har ina cuɗa jarkar da omo.

Maman Faisal ta hau sama tana tafa hannu. "Ya Allah, ya Zulai, amaryarku ta yi wa kwatami tabarruki!"

Goggo ta ce, "Ai na ce jarkar nan."

"Wace nan? Nan ɗin biyu ne!"

Sati guda in na wuce matan lungu suna cewa ga mai shayar da kwatami. Wannan da sauƙi, Abbanki ya je ya ciko mata wata. Amma kin ce gurbi ɗaya ne a ƙasan layin, na suna. To rumbu biyu ba sa yin suna ɗaya a can? Ni sunana Murja, a ajinmu mu uku ne. In suna kaɗai za a sa, ina aka ce na wa? Ki duba ko an bayyana yadda za a rubuta sunan, da sunan mai shi, da misali ɗaya da mutum zai kalla ya kwaikwaya. Ni da Goggo ta ce ta hagu, mai igiya a hannu, da zamzam ya isa inda aka nufa da shi.

Za ki ce me ya hana ni tambaya. Na tambayi kaina wannan fiye da yadda za ki tambaye ni. Kunya ce, da son a ce na iya. Bayan abin jarka na ƙudura ba zan ƙara bari a gan ni ban sani ba, alhali darasin da ya kamata in ɗauka shi ne in riƙa tambaya. Ranar ɗakin sama wayata tana ɗaure a gefen zani. Minti ɗaya ne in ɗauki hoton akwatin in tura miki in ce wannan fa? Na ce kina karatu kada in dame ki, na ce Abbanki yana cikin rana da alhazai. Gaskiyar ita ce ba na so a ce baƙauya ta kasa share ɗaki sai an riƙe mata hannu.

Kuma akwai abin da ban yi tunaninsa ba sam sai yanzu. Makullin ɗakin yana hannuna, Abbanki ne ya ba ni. Sai na ɗauka duk abin da makullin ya buɗe an halatta mini. Ashe akwatin ba na Abbanki ba ne ma balle ya ba ni izini a kansa. Naki ne. Shi ya sa nake so ki duba ko an rubuta wa ɗan aiken wa yake da ikon cewa a goge, kuma an ce masa ya tsaya ya koma wajen mutum ya faɗi sunan rumbun ya ce wannan kake nufi, in goge? Ban sani ba ko AI yana da kunya irin tawa. Amma na lura da wanda kike hira da shi a waya, kome kika ce masa da sauri yake amsawa, yana so ya faranta miki. Ni ma haka nake a lokacin. Mai son ya faranta shi ne ya fi bukatar a rubuta masa tsaya.

Ke ma yanzu baƙuwa za ki zama. A Makka kowa ya san ki, 'yar direban Kudai, a Riyad ba wanda ya san ki. Za a ba ki aiki da rabin magana a wuce, za ki ji nauyin ki ce ban gane ba. Ki ce. In sun yi dariya, ta sati guda ce, na gwada. Kuma in babbanku ya ce layin nan ya isa ki wuce da shi, kada ki yi masa tsawa, ki ce masa cikin ladabi ga abin da babu a ciki, ki lissafa masa. In ya nace ki rubuta naki ra'ayin a inda za a gani.

Saura mafi muni. Ban san me na jefar ba sai bayan wata guda. Muna tsinke zogale da Goggo Zulai sai ta ce, "Allah sarki marigayiya, ita da 'yan'uwanta na Kano da kaset suke zumunci. Ta cika ɗaya da gaisuwa ta ba alhaji ya kai, su ma su ciko nasu su aiko. Akwati guda ta tara, ja." Hanan, ganyen ya zube daga hannuna. Ta ce me ya faru, na ce ƙaya ce. Zogale kuma ina ya ga ƙaya.

Daga ranar na yi shiru kusan shekara uku. Kullum in ce gobe. Kina koya mini hanyar unguwar Jarwal, kina raka ni asibiti kina yi mini tafinta, kina gyara mini Larabcina kina dariya, ni kuma ina ɗauke da wannan. Jefarwar kuskure ce, na yarda, rashin sani ne. Shirun kuwa da sanina na yi shi, kuma shi ne nake neman gafararki a kansa fiye da komai. Da na faɗa a ranar da aka yi, da ko ba a samo ba kin san inda kike, ba ki yi shekara uku kina tsammanin muryar Ummanki tana jiranki a wani ɗaki ba. To ki duba mini wannan ma a layinki. In ya gama gogewa me yake dawowa ya ce? Yana faɗin na goge rumbu kaza na wane? In ya kasa, yana cewa ya kasa da dalili, ko shiru yake yi a ɗauka komai lafiya? Ke ma kanki, ranar da kika ɓata wani abu a wajen aiki, kuma za ki ɓata don kowa yana ɓatawa, ki faɗa kafin ki tashi daga kujerar.

Ranar Alhamis na gaya wa Abbanki, bayan ya ci abincin rana kina wajen sallama da ƙawayenki. Na zata zai yi faɗa. Bai yi ba. Sai ya ce, "Ni na ɗauka Zulai ta tafi da shi tun bayan arba'in."

Na ce, "Ba ta tafi da shi ba."

"A ƙurya yake, bayan barguna?"

"A nan yake."

Ya ce, "La haula. Ni ne na ce duk tsofaffin kaya ne." Sannan ya ce bari shi ya gaya miki, ya ce laifinsa ne. Na ce a'a, hannuna ne ya ɗauka, bakina ne ya yi shiru, ni zan faɗa. Amma ki sani shi ma yana ɗauke da nasa, in kin kira shi ki sassauta masa. Tun ranar bai ƙara cin abincin kirki ba.

Da muka gama maganar sai wani tunani ya zo mini, na yi mamakin yadda shekara uku bai zo ba, ina ga tsoro ne ya toshe mini kai. Akwatin nan yawanci abin da aka aiko mata ne. Wanda ita ta aika fa? Ai suna Kano. Na karɓi lambar Inna Rabi, yayar Ummanki, a wayar Abbanki. Ban taɓa yi mata magana ba sai gaisuwar sallah. Na kira ta, na gaya mata komai ban rage ba.

Ta ce, "Ke yarinyar nan, kin yi ɓarna."

Na ce, "Na yi, Inna."

"Shekara uku kina zaune a kai kamar kaza?"

"Haka ne, Inna."

Ta yi ta faɗa, na yi ta saurara, don na cancanta. Da ta gaji ta ce in kashe wayar za ta duba wani gwangwani a ƙarƙashin gadonta. Jiya Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta kira. Uku ta samu. Biyu zare ya cinye, sun manne. Ɗaya yana yi. Surukarta ta aro rediyo a maƙwabta, suka kunna suka kara waya a jiki suka ɗauka, suka turo mini. Minti goma sha ɗaya ne. Inna ta ce yawanci gaisuwa ce, tana kiran sunayen mutanen gida ɗaya bayan ɗaya tana tambayar kowa, tana ba su labarin tsadar tumatir a Makka, kuma wai akwai inda jaririya take kuka a baya ta ce bari in ɗauki Hanan.

Ba shi ne mai koren salatif ba. Wancan ita da ke ne kaɗai, ba a aika wa kowa irinsa ba, ya tafi, kuma ba ni da abin da zan ba ki a madadinsa. Kada ki ɗauka na kawo wannan ne don in rufe wancan.

Na danna shi sau ɗaya don in tabbata ya zo. Na ji ta ce assalamu alaikum, murya siririya mai sauri, irin taki in kina murna. Nan na tsayar. Ban ƙara ba, don ba nawa ba ne. Kuma ban tura miki ba. Na yi tunanin in tura tun kina hanya, sai na ga ban san ko kina so ki ji shi a cikin mota tsakanin baƙi ba, ko a satin farko na aiki, ko sai kin zauna ke kaɗai, ko ma ta hannuna kike so ya zo ko ta hannun Inna. Na daina yanke hukunci a kan kayan Ummanki. Yana cikin wayata, yana cikin ta Abbanki, yana wajen Inna Rabi, kaset ɗin kuma na roƙe ta ta adana. Ranar da kika shirya ki rubuto mini kalma ɗaya, tura, in tura. In kuma ba kya son jin muryata yanzu, ki gaya wa Abbanki, ba zan yi fushi ba, zan jira.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ki riƙa cin abinci, na san halinki in kin zauna gaban kwamfuta. Yajin da yawa na daka, ki ba matar Baffa rabi. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya haɗa ki da shugabanni masu adalci, ya sa hannunki kada ya ɓata abin wani, in ya ɓata ya ba ki bakin faɗa da wuri. Allah ya jiƙan wadda ta haife ki, ya sa kin gama da duniya lafiya. Gobe in sha Allah zan je Harami in yi miki ɗawafi.

Wassalam.

Ni ce matar Abbanki mai jiran amsarki,
Murja